Kundin aikin auna leda da roba a wata sakandare ta cikin garin Katsina

Litinin, 22 ga Satumba, 2025

An buɗe wannan kundi ne domin a riƙa rubuta yadda aikin auna sharar roba yake tafiya a makarantarmu, wadda sakandaren je-ka-ka-dawo ce mai ɗalibai 1,140 a rajista da ma'aikata 46. Malaman kimiyya uku ne ke riƙe da aikin, tare da ɗalibai 24 na ƙungiyar kula da muhalli, sai baba mai shara da baba maigadi, waɗanda suka fi kowa sanin lungun da leda ke maƙalewa. Abin da muke son sani shi ne: leda da roba nawa muke zubarwa a rana, wace iri ce, kuma ta ina take shigowa. Kowa na cewa leda ta yi yawa, amma babu mai iya faɗin ko kilo biyu ce ko ashirin, kuma da "ta yi yawa" ba a zuwa gaban ƙungiyar iyaye da malamai a nemi kuɗin gyara.

Iyakar wurin aiki ita ce duk abin da ke cikin katanga, da kuma mita goma daga bakin ƙofa, inda masu talla ke zama lokacin tara. An raba wurin gida biyar: ajujuwan ƙanana, ajujuwan manya, gindin bedi inda ake cin abinci, wajen famfo da masallaci, sai ofis da bakin ƙofa. Banɗaki da ɗakin shan magani ba sa ciki. Ba za a sa hannun ɗan kowa a sharar da za ta iya ɗauke da allura ko ƙazanta ba, ko da lissafi zai ragu saboda haka.

Kayan da aka tanada: sikelin ƙugiya mai batir da ke ɗaukar kilo 50, ƙaramin sikelin kicin mai ɗaukar kilo 5 wanda ke nuna giram ɗaiɗai, tampol mai mita huɗu da biyar, buhunan shinkafa wankakku guda 15, safar hannu ta roba mai kauri, takunkumi, rariya, almakashi biyu, bokiti da sabulu. Awo kullum ƙarfe biyu da rabi na rana, bayan an tashi.

Laraba, 24 ga Satumba

Yau aka yi sharar fage. Idan ba a kwashe tsohuwar leda ba, ta bara za ta shiga lissafin gobe. An tara kilo 61 daga jikin katanga, bayan ajujuwa da bakin ramin ƙona shara, kuma wannan adadi ba zai shiga kowane lissafi ba, an rubuta shi ne kawai don tarihi. Ledar da ta daɗe a rana ba ta ɗaukuwa: ka kama gefenta sai ta marmashe a hannu kamar busasshen ganyen kuka, ɓurɓushin ya koma cikin yashi. Ba ruɓewa ta yi ba, hasken rana ne ya karya ta ƙanana, kuma wannan ɓurɓushin babu sikelin da zai sake kama shi.

An gwada sikelan biyu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka aka auna lita da silindar ɗakin gwaji aka zuba a gorar da aka riga aka san nauyinta. Ƙaramin sikeli ya nuna daidai, na ƙugiya ya ƙara giram 20, abin da za a iya haƙuri da shi a buhu mai kilo biyu ko uku. Kada a yi gwajin da ruwan leda cikakke da sunan rabin kilo ne. Mun ɗora guda goma ɗaya bayan ɗaya, ba biyu da suka zo daidai da juna. An kuma auna kowane buhu babu komai a ciki, aka rubuta nauyinsa a jikinsa da alƙalamin maka. Sun kama daga giram 95 zuwa 130, bambancin da zai iya ɓata awon ledar alawa gaba ɗaya idan aka ɗauka duk ɗaya suke.

Litinin, 29 ga Satumba

Gwajin farko ya ba da darasi mai tsada. Sharar ranar Alhamis ta kwana a waje, aka yi yayyafi da dare, da aka rataya buhunan ranar Juma'a sikeli ya ce kilo 11.4. Aka shanya ta kwana biyu a ajin da ba kowa, yau aka sake aunawa: kilo 6.1. Kusan rabin abin da aka fara rubutawa ruwa ne da yashi.

Ko ba ruwan sama, ledar fiya wata ba ta zuwa a bushe. Yaro ya ciji kusurwa, ya tsotse, ya yar da ita da sauran cokali ɗaya ko biyu na ruwa a ciki, ta faɗi ƙasa yashi ya manne a bakin. An ɗebi guda ɗari yadda aka tsince su, suka ba da giram 410. Aka tsaga kowace da almakashi, aka kakkaɓe, aka shanya, suka koma giram 230. Wato ledar kanta giram 2.3 ce, sauran duk kaya ne da ta ɗauko. Wanda ya auna ba tare da busarwa ba zai riƙa ganin shara ta ƙaru ranar damina ta ragu ranar rani, alhali mutane ba su sauya komai ba.

Ƙa'idar da aka tsayar daga yau: a tattara a ranar, a tsaga duk ledar ruwa, a baza a tampol cikin ɗaki, a rufe da tsohon gidan sauro a danne gefensa da bulo, a bar ta awa 48, a kakkaɓe a rariya, sannan a auna. Gidan sauron ya zama dole ne bayan iska ta shigo ta tagar da ba gilashi ta watsa rabin shanyar ajujuwan manya cikin ta gindin bedi. Tunda shanya na cin kwana biyu, an ja wa tampol layi da alli kuma an aro tabarmi uku, kowace rana da nata wurin da takardar kwanan wata.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Jiya hutun ranar samun 'yancin kai ne, ba a tattara komai ba. Yau aka zauna kan rabe-rabe.

Galibin kayan roba masu tauri suna da lamba daga 1 zuwa 7 cikin alamar kusurwa uku a gindinsu. Gorar lemo da ta ruwa lamba 1 ce, PET. Lamba 2 ita ce roba mai kauri irin ta jarka da yawancin murafun gora. Lamba 3 ita ce PVC ta bututun ruwa da rigar wayar lantarki. Lamba 4 ita ce leda mai laushi mai miƙewa, kuma ledar ruwa daga cikinta take. Lamba 5 robar zuba abinci ce da wasu murafu, 6 farin soso na tekawe da cokali mai saurin karyewa, 7 kuwa tarkacen da bai shiga ko'ina ba. Matsalar ita ce mafi yawan abin da muke tsinta ba shi da lamba ko ɗaya.

Inda aka yi shakka, sai a yanki ɗan guntu a nutsa shi a kofin ruwa da tsinke, a tabbatar ba kumfar iska a jikinsa. Lamba 2, 4 da 5 sun fi ruwa sauƙi, suna tasowa. Lamba 1 da 3 suna nutsewa kai tsaye. Lamba 6 mai tauri tana nutsewa a hankali a ruwan famfo, amma in aka narka gishiri mai yawa sai ta taso. A gwada guntu, ba gora sukutum ba, domin gora mai murfi iskar cikinta ce ke ɗaga ta. An hana gwajin ƙonawa da ashana, duk da masu sana'ar suna gane roba ta warin hayaƙinta. PVC idan ta ƙone tana fitar da iska mai ƙona maƙogwaro.

A ƙarshe dai ba mu raba da lamba ba, mun raba da sunan da kowa ya sani, domin shi ne ke nuna wanda ya kawo abin. Gida shida: ledar ruwa, farar leda ƙarama ta awara, ƙosai, alale, zoɓo da ƙanƙara, baƙar leda, ledar biskit da alawa, gora, sai tarkace mai tauri irin su biro, cokali, tsinken alawa da tsinkakken silifa. Ledar biskit ta sami gidanta daban ne saboda mai ƙyallin nan ta ciki ba leda zalla ba ce, shimfiɗu ne aka manne da ɗan siririn ƙarfe, kuma masu sayen leda ba sa karɓarta.

Nauyin samfuri bayan busarwa: farar leda ɗari giram 90, baƙar leda ɗari giram 280, ledar biskit da alawa ɗari giram 60, gora ashirin da murafunsu giram 440. Da waɗannan za a riƙa mayar da nauyi zuwa ƙidaya, ba sai an ƙirga dubbai da hannu ba. Gora kaɗai za a ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Farar ledar alale da ta awara suna zuwa da mai da yaji, busarwa ba ta cire su, sai an ɗauraye da ruwan sabulu tukuna. Rana ɗaya aka yi kasala ba a ɗauraye ba, kiyashi ya cika tabarmar.

Litinin, 13 ga Oktoba

An gama auna makon farko cikakke, daga 6 zuwa 10 ga wata. Adadin mutanen da suka zo, ɗalibai da ma'aikata, an ɗauko shi daga rajistar aji, ba daga jimillar masu rajista ba: 1,042 ranar Litinin, 1,061 Talata, 1,055 Laraba, 1,030 Alhamis, 912 Juma'a. Busasshen nauyi kuwa kilo 6.3, 6.6, 4.7, 6.9 da 4.1. Jimilla kilo 28.6, wato giram 5.6 ga kowane mutum a rana.

Ledar ruwa ita kaɗai kilo 14.3, rabin komai cif, kimanin guda 6,200. Gora kilo 4.6, guda 209. Farar leda kilo 4.1, kimanin 4,550. Ledar biskit da alawa kilo 2.1, kimanin 3,500. Tarkace mai tauri kilo 1.8, baƙar leda kilo 1.7, kimanin 600.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau. Giram biyar da ɗoriya ba ya kama da abin damuwa, bai kai nauyin biro biyu ba, kuma akwai malamin da ya ji adadin ya ce ashe abin ba wani yawa. Amma guda nawa ne? Ya haura dubu goma sha biyar a mako ɗaya, a fili ɗaya. Gora ta ɗauki kashi 16 cikin ɗari na nauyi, a ƙidaya ba ta kai kashi 2 ba. Ledar alawa kashi 7 ce a nauyi, a ƙidaya ta kusa kashi ɗaya cikin huɗu. Kwalbati ba nauyi ke toshe ta ba, yawan ledar da ke shimfiɗuwa a bakinta tana tare yashi ne, kuma akuya ba ta haɗiyar gora, farar leda mai ƙanshin mai take bi. Daga yanzu duk rahoton da zai fita daga aikin nan zai ɗauki adadi biyun tare, kilo da guda. Wanda ya ba da ɗaya ya ɓoye ɗaya ya ba da rabin gaskiya.

Ragin Juma'a a fili yake, ana tashi da wuri. Na Laraba ne ba a gane ba: mutane sun cika, amma ledar ruwa ta faɗi zuwa kimanin 760. An sa alamar tambaya a gefen shafin.

Laraba, 15 ga Oktoba

Abin da aka tsinta ba shi ne duk abin da aka zubar ba, don haka jiya aka bi ta ɗaya ɓangaren. An roƙi masu sayar da ruwa huɗu na bakin ƙofa su faɗi jaka nawa suka buɗe. Da farko sun ƙi, suna zaton haraji za a sa ko a kore su, sai da baba maigadi ya sa baki ya ce musu: "Inna, ba kuɗinku ake ƙirgawa ba, ledar ake bi." Jaka 82 suka sayar, kowace da guda 20, wato 1,640. Ledar jiya an ƙirga ta da hannu don kada a jira shanya: 1,304. Kashi 79.5 cikin ɗari ke nan.

Wannan lissafi yana da rauni, domin wasu yara suna shigowa da ruwansu daga gida ko daga shagon hanya. Shi ya sa aka ƙara gwaji na biyu: an ɗiga jan maka a gindin leda 200 kafin a sayar, ba tare da an sanar da ɗalibai ba. An dawo da 154, kashi 77. Tunda hanyoyin biyu sun zo kusa da juna, za mu riƙa ɗauka cewa muna kama kimanin 78 cikin kowace ɗari. Ma'ana ledar ruwan makon farko ta gaskiya ta kusa 8,000. Goma sha ɗaya daga masu jan ɗigon an gan su yau da safe a magudanar da ke bayan katangar gabas, sun riga sun jiƙe sun kwanta a ƙasan laka.

Gora kuwa labarinta daban. Ba ta kwana a ƙasa. Masu zoɓo da kunun aya suna karɓar tasu su wanke su sake cikawa, yara kuma suna tara ta lemo su sayar. Guda 209 da muka samu galibi fasassu ne ko marasa murfi. Abin da yake da kuɗi yana da mai ɗauka, don haka adadin gora a kundin nan ragowa ne, ba abin da aka sha ba.

Litinin, 20 ga Oktoba

An soke awon ranakun 15, 16 da 17. Wani ya kawo shawarar gasa tsakanin ajujuwa, wanda ya fi tara leda a ba shi kyauta, aka sanar a taron safe ba tare da an tuntuɓi masu awo ba. Ranar Alhamis buhun ajujuwan ƙanana ya ninka uku, a ciki har da ledar omo, ledar taliya da robar man shafawa, kayan da babu mai amfani da su a aji. Yara sun kwaso daga gida da bolar unguwa. Niyyar mai kyau ce, amma ta lalata kwana uku. An dakatar da gasar har sai an gama awo, kuma an roƙi malamai kada su yi wa'azin leda a wannan tsakanin, domin yaron da aka tsorata zai cusa tasa a aljihu ya yar a hanya, mu kuma mu rubuta cewa shara ta ragu.

Batirin sikelin ƙugiya ya yi sanyi, ya fara nuna lamba tana rawa. An sauya, kuma gwajin lita ɗaya ya zama na kowace Litinin.

Juma'a, 24 ga Oktoba

An gano sirrin ragin ledar ruwa na Laraba 8 ga wata, kuma baba mai shara ne ya fara faɗa: ranar tankin bai ƙare ba. Makarantar tana da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da tanki ɗaya na lita 2,000 da kawunan famfo shida. Da aka jera ranakun da aka auna lafiya, aka cire Juma'a, an sami kwana goma. A uku daga ciki ruwa ya kai har tashi, kuma matsakaicin ledar ruwa 760 ne. A sauran bakwai ruwa ya yanke kafin a fita tara, matsakaici 1,450. Kusan ninki biyu, da yara iri ɗaya da masu talla iri ɗaya.

Sai aka koma kan famfon. Kawuna biyu suna zuba ko an rufe, robar cikinsu ta cinye. An tara bokiti aka duba agogo: lita ɗaya cikin minti huɗu, wato lita 15 a awa. Daga ƙarfe biyu na rana zuwa takwas na safe awa 18 ne, kawuna biyu sun zubar da lita 540, fiye da rubu'in tanki, ƙasa ta shanye. Maƙwabta suna ɗiba da yamma, abin da ba wanda yake so a hana, amma yana nufin ana wayar gari da tanki kusan wayam. Faifan hasken rana kuma ƙura ta rufe shi, ka ja yatsa a kai sai layi ya fito, don haka injin ba ya samun ƙarfin turo ruwa sosai sai hantsi ya ɗaga. Lokacin da yara dubu suka fito tara da ƙishi, abin da ke tankin ɗan kaɗan ne, kuma na gaban layi su ke shanyewa.

Wannan shi ne abu mafi muhimmanci da awon ya nuna zuwa yanzu. An daɗe ana zargin yara da ƙazanta da rashin tarbiyya, ana sa su tsintar leda a matsayin horo. Yaron da ya taho a ƙafa daga Ƙofar Marusa ko Ƙofar Ƙaura cikin zafin Oktoba, ya tarar da famfo a bushe, ba shi da zaɓi sai ya cire daga kuɗin tararsa ya sayi ruwa. Kowane uba ya san kuɗin leda ɗaya a unguwarsu, ya ninka shi da ɗari bakwai a kullum, ya ga abin da robar famfo biyu ke ci daga aljihun iyaye.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Ranar Litinin aka sauya kawunan famfo biyu, aka sa wa bututun fita daga tanki makulli da ake rufewa bayan magariba, kuma aka ɗora wa ɗalibai biyu wanke faifan rana kowace safiya da ruwa da tsumma mai laushi, kafin ya yi zafi. An wanke cikin tankin. An ce kowa ya zo da kofinsa ko gorarsa. Moɗa ɗaya ga yara ɗari hanyar yaɗa mura da ciwon ciki ce, ba za a rage leda a sayo cuta ba. An kuma aika samfurin ruwan ɗakin gwaji, domin ba daidai ba ne a ce wa yara su bar ruwan leda su koma famfo ba a tabbatar da tsabtarsa ba.

Ledar da aka riga aka auna tana jibge a sito, kuma dole a san inda za ta. A da ramin bayan ajujuwa ake turawa a cinna wuta da yamma. Wutar rami ba ta da zafin da za ta cinye roba sarai, sai baƙin hayaƙi mai nauyi da ke kwanciya a gidajen maƙwabta, da dunƙulen narkakkiyar leda da ke saura a toka. Barinta a fili ma ba mafita ba ne: mahauta sun sani sarai yadda ake farka tumbin akuya ko saniya a tarar da leda a cure kamar ƙwallo, dabbar tana ci tana ramewa.

An kira mai sayen kayan jari-bola ya duba. Gora zai ɗauka in an cire murfi an taka ta ta lotse, ana niƙa irinta a yi ɓarzo a loda zuwa masana'antu. Ledar ruwa ma zai saya, amma da sharaɗin ta bushe, ba yashi, ba a gauraya ta da ta biskit ba, kuma da kilo yake biya. Kilo ɗaya sai an tara guda 435. Buhun da aka danna da ƙafa kilo huɗu yake ɗauka da ƙyar. Farar leda mai maiƙo da ledar alawa bai ko kalle su ba. Don haka kada a gina buri a kan cewa sayar da shara zai riƙe aikin. Zai rage abin da ake ƙonawa da fiye da rabi, kuɗinsa kuwa na sabulu da safar hannu ne.

Gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba tun 2020, Legas ta hana farin soson zuba abinci a Janairun 2024, Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017. Mu a nan sosan tekawe bai cika cikin hannu ba a mako guda. Abin da ya dame mu ledar ruwa ce, kuma hana ta ba tare da ruwan sha a famfo ba zalunci ne ga yaro.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Iska ta juya, safiya ta fara sanyi, hazo ya sauko. Shanya yanzu awa 24 ta isa, amma ƙura ta maye gurbin ruwa: busasshiyar leda tana jan ƙura tana riƙewa. Guda ɗari sun ba da giram 255 kafin kakkaɓa, 231 bayanta. An ƙara minti biyu na girgiza a rariya ga kowane buhu, a waje, da takunkumi.

Ranar Talata waya ta tsinke a jikin injin ruwa, tanki ya ƙare tun safe. Ba a so haka ba, amma ya ba da abin kwatance: ledar ruwa ta ranar 1,050 ce, alhali irin wannan rana a Oktoba 1,450 ake samu. Ke nan sanyi shi kaɗai ya rage kusan 400. Rana ɗaya ba hujja ba ce mai ƙarfi, amma ta isa ta hana mu jingina duk ragin da za a gani ga gyaran famfo.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Awon mako na biyu cikakke, 10 zuwa 14 ga wata, ruwa bai yanke ko sau ɗaya ba. Jimillar halarta 5,040, busasshen nauyi kilo 19.9, giram 3.9 ga mutum a rana. Ledar ruwa kilo 6.9, kimanin guda 3,000, daga 6,200. In aka bi kwatancen ranar Talata 4 ga wata, kusan rabin ragin na sanyi ne, rabi na famfo. Haka za a rubuta wa ƙungiyar iyaye da malamai, ba za a ce musu mun rage rabi ba. Gora 150, kilo 3.3. Baƙar leda da tarkace kilo 1.6 kowanne, ledar biskit 2.2.

Farar leda ba ta motsa ba, ta ma ɗan hau zuwa kilo 4.3, kuma a ƙidaya yanzu ita ce kan gaba, kusan 4,800. Da sanyi ƙanƙara ta ja baya, awara da ƙosai masu zafi suka ƙaru, kuma mai awara takan ninka leda biyu don kada mai ya ɗiga a littafi. Ita ce wadda ba mai saye, ita ce kuma dabba ke ci. Takardar jarrabawa da aka ba da shawarar a naɗe abinci da ita ba ta dace ba, tawada na narkewa a mai mai zafi. Abin da za a gwada shi ne kwano mai murfi daga gida ga aji biyu na ƙanana, da gwangwanin alale irin na da ga mai alale ɗaya da ta yarda, na tsawon mako biyu, a ƙirga ledar gindin bedi kafin da bayan.

Awo na uku ba za a yi shi cikin azumi ba, wanda ake sa ran zai kama daga tsakiyar Fabrairu zuwa Maris na 2026, domin babu ci babu sha a tara. Za a jira bazara, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, a ga ko tanki ɗaya zai iya da yara dubu. Kafin nan ana buƙatar gidan sauro na biyu, batir huɗu na ajiya, robar kan famfo dozin ɗaya a durowar ofis, da sake gwajin jan ɗigo, wannan karon a kan farar leda.